Kwalin da Na Ɗauko daga Gidan Sani

Tun da na dawo daga Amurka 'yan majalisarmu ta ƙofar shago ba su bar ni na huta ba. Kullum bayan la'asar sai wani ya tsokano: "Alhaji Bala, wai da gaske ne can ba a ɗauke wuta?" Labarin kilishi na ba su ya fi sau ashirin, na sanyi ma haka, sun yi dariya har da riƙe ciki. Wanda ban taɓa ba su ba shi ne na kwalin nan da ke saman kabad a ƙuryar shago, wanda duk mai tayawa nake ce masa ba na sayarwa ba ne. Yau sama da shekara biyu ke nan, kuma abin da ya faru makon jiya ya sa na ga gara in rubuta shi, don na san kaina, in da baki ne sai na rage wani abu.

Sani ɗan baffana ne. Shekara biyar yana zaune a shagona na rediyo da talabijin a Kano, shi ke share ƙura, shi ke sayo min abinci. Lokacin da ake yayin cike takardar lotirin bizar Amurka na ce ya zo mu gwada. Ni na biya mai hoto, ni na sayi ambulan biyu, ni na kai su gidan waya da ƙafata. Nasa ya fito, nawa shiru. Na yi masa murna a gaban mutane, na raka shi filin jirgi, na dawo gida na kasa cin tuwo.

Bayan shekara takwas, a ƙarshen 2006, ya aiko min da takardar gayyata. Da yake na taɓa zuwa Dubai saro kaya sau biyu, biza ba ta ba ni wahala ba. Ana gobe zan tashi na je sallamar mahaifiyarsa, Inna Asabe. Ta lalubo ƙunshin kilishi daga ƙarƙashin filo ta miƙo min, sai na ga hannunta ya ɗan kauce daga inda nake.

"Bala, ka ce masa ya zo Babbar Sallah," in ji ta. "Idon nan kullum duhu yake ƙaruwa, likita kuma ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ina so in gan shi tun ina gani."

Na ce in sha Allahu saƙo zai isa.

Hanya dai hanya ce. Mun yada zango a Turai awa shida, inda na sayi ruwan gora ɗaya, na lissafa kuɗinsa da naira, ƙishirwa ta sake ni har Amurka. A wurin binciken kaya aka saki wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa. Ya wuce Turawa, ya wuce Indiyawa, ya zo gaban jakata ya zauna kamar ya ga ɗan'uwansa. Wani jami'i ya buɗe jakar, ya ciro kuka da busasshiyar kuɓewa, na yi masa bayani da Turancin kasuwa, ya mayar. Da ya zo kan kilishi ya ɗaga shi sama yana dubawa ta haske, ya tambaye ni ko fata ce. Na ce nama ne, uwa ce ta aiko wa ɗanta. Ya ce ya tausaya min ƙwarai, kuma a cikin tausayin ya jefa shi kwandon shara. A gida da sai mu koma gefe mu fahimci juna. Nan kuwa ko fuskar da za ka fara maganar ba ka gani.

Daga nan wani ƙaramin jirgi ya kai ni Greensboro. Sani na tsaye yana jira cikin ƙatuwar rigar sanyi. Yana ganina ya durƙusa har ƙasa, a gaban Turawa, ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Ya kamata abin ya faranta min, kuma ya faranta. Amma idona na kan makullin motar da ke hannunsa.

Gidansa na wata unguwa da ake kira Glenwood, kusa da jami'a. Tsohon gida ne ƙarami na katako, na haya, in ka taka daɓen sai ya yi ƙara. Yanzu da nake rubutu ina iya faɗar haka. A lokacin abin da nake gani daban ne. Famfo biyu, ɗaya na ruwan zafi. Firji cike. Wuta kwana da kwanaki ko ƙiftawa ba ta yi, har na riƙa tashi in taɓa makunni don in tabbatar. Matarsa Hajara, 'yar unguwarmu da na sani tana tallar gyaɗa, ita ma da motarta, tana juya sitiyari da hannu ɗaya. Ta yi min tuwon garin shinkafa da kukar da na kawo, da cinyar kaza wadda ta kai ta ɗan rago girma amma ba ta da ɗanɗanon komai. Na yi ta nanata maganar rashin ɗanɗanon nan, don shi kaɗai na samu da zan ce namu ya fi.

A masallaci abin ya fi ci min rai. Kowa Alhaji Sani, Alhaji Sani. Wannan ya kawo takardar da bai gane ba, wancan yana neman a yi masa hanyar aiki. Ni kuma in za a gabatar da ni sai a ce, "Yayan Alhaji Sani ne, daga gida." A Kano shekara biyar ana ce masa yaron Bala.

Kwana uku da zuwa na isar da saƙon Inna. Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ina tarawa," ya ce. "Tun bara nake tara kuɗin tikiti. Ga shift ɗin sito, ga gidan mai ranar Asabar da Lahadi, amma da an tara sai bill na haya da na wuta ya zo ya kwashe. Lokacin Sallah kuma tikiti tashi yake. Saura kamar dala ɗari takwas."

Na ce Allah ya hore. A raina kuwa cewa na yi kukan talauci yake min don kada in roƙe shi wani abu. Mutum da mota biyu a ƙofar gida!

Maganar gem ta zo ne ta bakin Malam Isuhu, wani Bamaraɗe direban tasi mai cusa Faransanci a Hausarsa, abokin Sani. Ya shigo da rana da takardun talla na shaguna ya baza su a kan kafet. Wai a makon nan za a fito da sababbin na'urorin wasan bidiyo, irin wanda ake haɗawa da talabijin, kuma kamfanoni uku ne ke gasa. Akwai fara babba, wadda ta shekara a kasuwa, dala ɗari huɗu. Akwai baƙa mai sheƙi da za ta fito ranar Juma'a, ɗari shida. Sai wata 'yar ƙaramar fara da za ta biyo bayanta da kwana biyu, ɗari biyu da hamsin.

"Donk ga yadda abin yake, Alhaji," in ji Isuhu. "Kowane magaza, shago ke nan, 'yan kaɗan za a ba shi. Wanda ya samu, ya sa a intanet, masu kuɗi su yi ta rububi saboda ɗiyansu, ga Kirsimeti tahe. Mu dai ba mu san wacce za mu kama ba. Kai ne ɗan kasuwa."

Karo na farko ke nan tun saukata da wani ya tambaye ni abin da na fi Sani sani. Na gyara zama. Na ce sai na ga kasuwar da idona.

Suka kai ni wani shago da ya kai girman layi uku na kasuwarmu. Na sa aka kira min mai kula da sashen, wata yarinya mai ɗan kunne a hanci. Na nuna farar babba na ce ɗari huɗu ya yi yawa, tunda ga sababbi nan tafe, nawa ne gaskiyarta? Ta nuna min takardar farashi. Na ce na gani, ina nufin na ƙarshe. Ta sake nuna min takardar. Na yi abin da muke yi, na juya na fara tafiya a hankali ina jiran a kira ni. Har na kai ƙofa ba wanda ya kira ni, sai ƙofar ce ma ta buɗe da kanta. Isuhu ya yi dariya har ya dafa motar mutane.

Duk da haka na yanke musu hukunci. Na ce fara babba ta tsufa, kowa ya ganta, ba mai ƙara ko sisi a kanta. Ƙaramar kuwa, duk kamfanin da ya karya farashi haka ya san kayansa ba su kai ba. Baƙar ita ce magana. Wanda ya sa wa kayansa ɗari shida alhali maƙwabcinsa na sayarwa ɗari huɗu, ba da talaka yake magana ba, da mai son a ce shi ya fara mallaka yake. Irin wannan mutumin in ya rasa a shago, ninki biyu ba ya yi masa ciwo.

"Ƙaramar hwa, Alhaji? Kowa na iya sayenta," in ji Isuhu.

Na ce abin da kowa ke iya saya ba a yin riba a kansa. Sani bai yi musu ba. Da ma bai taɓa yi min musu a kan farashi ba. Ya je banki ya ciro ɗari shida da 'yan kai daga cikin kuɗin tikitin, ina zaune a mota ina kallonsa.

Layin da aka yi a ƙofar shagon kwana biyu ne cur. Mutane da tantuna da kujeru da barguna, cikin sanyin da ke shiga har ƙashi. Da yake Sani na zuwa aiki, ni nake riƙe masa wuri da rana. Abin da ya ba ni mamaki, ba ɗan sanda ba mai bulala, wani saurayi ne kawai da takarda yana rubuta sunaye, kuma kowa ya yarda da takardar. Mu ne na goma sha ɗaya, Isuhu na sha biyu, an ce guda goma sha biyar za a kawo. In lokacin salla ya yi, wani ƙaton Bature mai gemu da ke bayanmu shi ke cewa mu je, zai duba mana kujeru. Na yi alwala da ruwan gora a bayan mota, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Na tambayi mai gemun ko shi ma sayarwa zai yi. Ya ce duk layin nan da wuya a samu mutum uku da za su buɗe kwalin. Ashe 'yan kasuwa ne muka taru muna yi wa juna kallon 'yan wasa.

Ranar Juma'a da safe Sani ya fito rungume da kwali. A wurin biya an ƙara haraji a kan ɗari shidan, na so in tada rigima, ya riƙe min hannu. Kafin azahar ɗin Asabar wani mutum daga McLeansville, can gabashin gari, ya ga tallarsa a intanet ya taya dala dubu da ɗari biyar, ya ce zai zo da kuɗi hannu ranar Litinin in ya tashi aiki. Sani ya ajiye waya ya yi sujada a kan kafet. Hajara ta rangaɗa guɗa a kicin. Tikiti ya samu, har da na tsaraba. Ya kira gida ya ce a gaya wa Inna yana nan tafe da Sallah.

Ni ranar Litinin ɗin da safe zan tashi, don haka ranar Lahadi da rana mutane suka taru yi min sallama. Mun kai goma sha biyar a ɗan falon nan, ana cin shinkafa da naman rago. Sallamata aka zo yi, amma hirar duk ta kwalin ce, yana ajiye a kan tebur kusa da talabijin kamar amarya. Wani dattijo ya ce, "Alhaji Sani, kai dai hannunka da albarka yake." Sani ya ce, "Ai Yaya ne ya zaɓa," amma daidai lokacin wani ya nemi a miƙo masa yaji, maganar ta bi iska. Sai Isuhu, ba da wata manufa ba, ya ce, "Wannan ai tun hwarko mai sa'a ne. Su biyu suka cika lotiri da Alhaji, nashi ya hito." Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Ba zan ce Shaiɗan ba ne, don na san abin da nake yi. Shekara takwas ɗin nan ce ta taso min gaba ɗaya: hoton da na biya, ambulan ɗin, sanyin da na sha a layi, shawarar da na bayar aka ba wani ladanta. Na miƙe na je na shafa kwalin na ce, "Kai, Sani, abin nan ya yi kyau. Irin wannan ko a Kano kaf ba mai shi. Ya burge ni ƙwarai."

Kowa ya san yadda ake yi. In babba ya yaba abinka, sai ka ce nasa ne. Shi kuma ya ce a'a, Allah ya sa albarka, a kashe lafiya. Magana ce ta fatar baki, kamar tayin abinci ga mai wucewa. Sani ya tashi a kan tarbiyyar nan, Amurka ba ta cire masa ita ba.

"Ai naka ne, Yaya," ya ce. "Ka ɗauka mana."

Na ce, "To, madalla. Na gode, Allah ya yi albarka."

Na ji cokali ya faɗi a kicin. Dattijon ya duƙar da kai yana gyara hula. Da a ce a nan take na yi dariya na ce wasa nake, da an wuce wurin. Na ga ƙofar a buɗe, na ƙi bi. Ina son in ga sau ɗaya Sani ya rasa abu ni na samu. Shi kuwa ya tashi, ya ɗauko kwalin da hannu biyu, ya ajiye a gabana, yana murmushi. Ya ce wa baƙi a ci abinci kada ya huce.

Da la'asar bayan an watse na jiyo shi a baranda yana waya da mutumin McLeansville, yana ba shi haƙuri da Turanci. Hajara ta shigo ɗakin da nake haɗa kaya, ta kawo min tsofaffin tawul biyu. Na zaci za ta yi magana, har na shirya amsa. Ba ta kalle ni ba, ta ce, "Yaya, a sa shi a tsakiyar kaya, kada ya bugu." Ta fita.

A filin jirgi zuciyata ta ɗan motsa. Na ce, "Sani, anya ba za ka riƙe abin nan ba? Kayana sun yi nauyi." Ko a nan ban iya kiran abin da sunansa ba. Ya ce, "Haba Yaya, a gaban mutane na ba ka. In na karɓa me zan ce musu? Tikiti kuma Allah zai kawo wata hanyar." Ya sake durƙusawa ya yi min sallama. Har jirgi ya tashi ina gaya wa kaina mutum mai mota biyu ba zai rasa ɗari takwas ba, na manta da gangan cewa yanzu giɓin ya kusa ninkawa.

Na dawo da niyyar in sayar in aika masa kuɗin ta wata dabara. Na zaga da shi wurin abokan sana'a. Wanda ya fi kowa tayi bai kai kuɗin shago ba, wai ba kaset ɗinsa a gari, wai wutarmu za ta ƙona shi. Na kira Isuhu in ji ko a can za a samu mai saye. Ya amsa min a daƙile. Ya ce kasuwar baƙar ta faɗi cikin mako biyu, tana nan jibge a shaguna, ƙaramar da na raina ita ake nema ido rufe. Shi ya sayar da tasa baƙar tun ranar Litinin ɗin. Kwana ukun nan su ne kasuwar, kuma a cikinsu na ɗauke. Ina da halin da zan haɗa wani abu daga shago in aika, ban musa ba. Amma aikawa na nufin in amsa abin da na yi, sai na riƙa cewa gobe.

Inna ta tambaye ni ya ɗanta. Na ce lafiya lau, ya yi ƙiba, ana girmama shi. Ta ce an gaya mata yana tafe da Sallah, ta sa an yi wa ɗakinsa fenti. Sallah ta zo ta wuce. Wata Sallar ma ta wuce, don a tsakani an rage ma'aikata a siton da yake aiki, ya yi wata biyar a zaune. Bai taɓa gaya wa kowa a gida dalilin farko ba. Duk Juma'a yana kirana mu gaisa, ya tambayi kasuwa.

Makon jiya ya iso. Ina tsaye a tsakar gida lokacin da ya durƙusa a gaban Inna. Ta juya fuska wajen muryarsa, ta miƙa hannu biyu ta laluba har ta samu kansa. Ta shafa goshinsa, ta shafa kumatunsa, ta tsaya a gemu.

"Bala ya ce ka yi ƙiba," in ji ta. "Ni dai ƙashi nake ji. Gemun nan baƙi ne ko ya fara furfura?"

Ya ce baƙi ne, Inna. Ƙarya ya yi mata, ina kallon furfurar.

Washegari ya zo shago da 'yar leda a hannu. Ya gaisa da 'yan majalisa, ya shigo ciki, ya miƙo min da hannu biyu. Na buɗe, na ga abin riƙewar nan da ake dannawa in ana wasan, baƙi, sabo fil.

"Na tuna guda ɗaya ne a cikin kwalin, Yaya," ya ce. "Shi kuma wasan ba ya daɗi mutum ɗaya. Yana aiki kuwa da wutar nan tamu?"

Sai ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a saman kabad. Kwalin na nan yadda ya ajiye shi a gabana, ko salatif ɗin shago ban yanke ba.